Gidan Yara Masu Ƙanjamau a Nairobi

A shekarar 1992 wani fada na Katolika, likita ne kuma, Angelo D'Agostino, ya buɗe gida a Nairobi ta ƙasar Kenya, ya fara da yara uku masu ƙwayar ƙanjamau. Sunan gidan Nyumbani, wato "a gida". Da yaran suka isa karatu, waɗansu makarantun gwamnati suka ƙi su, sai da aka je kotu a 2004.

To, ku lura. Ƙwayar nan ba ta bin kwano, ko tabarma, ko cizon sauro. In akwai irin yaron nan a gidanku, kada ku ware masa kwano. Ku riƙa kawo shi asibiti karɓar magani, ya sha kullum, ko da ya ji sauƙi.