Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Zanen Gine-gine



Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka gini ɗaya tak zan yi magana a kai. Alhazan da ke zaune a nan sun san shi, wasu ma sun kwana a ƙarƙashinsa. Ina nufin tashar alhazai ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wadda aka buɗe a 1981.

Da hukumomin Saudiyya suka ba kamfanin Skidmore, Owings & Merrill na Amurka wannan aiki, abin da aka fara dubawa shi ne halin mai shiga ginin. Matafiyi a Landan sauka yake yi, ya ɗauki jakarsa, ya kama gabansa. Shi kuwa maniyyaci a ayari yake zuwa, galibi dattijo ne, wani ma hawansa jirgi na farko ke nan, kuma jiran motar Makka ko Madina kan ci masa wuni guda, har da kwana. Zai yi alwala, ya yi salla, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa. A wancan lokaci, bayan an gama jigila kuma, wurin da ke iya ɗaukar mutum 80,000 a lokaci guda sai ya koma kusan wayam. Wa zai rufe irin wannan fili da gilashi, ya ce zai sanyaya shi a zafin Jidda?

Injiniyan aikin, Fazlur Rahman Khan, mutumin Bangaladash ne, shi ne ya tsara ƙashin ginin Sears Tower na Shikago, wanda a zamaninsa babu mai tsawonsa a duniya. Amma a Jidda, shi da abokan aikinsa inuwa suka gina. Laima 210 ce, rukuni goma, kowace tana da mita 45 a tsawo, 45 a faɗi. Yadinta da zaren gilashi aka saƙa shi, aka shafe shi da Teflon, aka rataye shi da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen ginshiƙai. Farin yadin na mayar da mafi yawan zafin rana, amma yana barin haske ya ratso, ba sai an kunna fitila da rana ba. Kowace laima ta tsuke zuwa sama, da kafa a ƙolinta, ta nan zazzafar iska ke ficewa; gefe kuma babu bango, sabuwar iska na shigowa. Wuraren duba fasfo da kwastan da ɗaukar kaya su aka rufe aka sa wa na'urar sanyi. Hikimar rumfar kasuwa ce, aka zuba mata lissafin injiniya.

Ba na cewa aikin ba shi da aibu. Duk wanda ya zauna a can a tsakiyar zafi ya san inuwa daban, sanyi daban, balle ga gumin bakin teku. Duk da haka ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1983. Khan bai ga ranar ba, domin a Jiddar ya rasu a 1982. Allah ya jiƙansa.

'Ya'yanmu, a cikinku akwai wanda gobe za a ba shi zanen tashar jirgi a Sakkwato ko Maiduguri, kuma mai ba da aikin zai nuna masa hoton Dubai a waya, ya ce irin wannan yake so. Ku gaya masa, cikin ladabi, abin da bangon gilashi mai kallon yamma ke yi a watan Afrilu, da abin da ƙurar hunturu ke yi masa, da man da janareta zai sha. Kafin ku buɗe kwamfuta, ku je sansanin alhazai lokacin jigila ku wuni. Ku ga inda hajiya ke shimfiɗa tabarma, ku ga inda ruwan alwala ke kwanciya, ku ƙirga 'yan rakiyar da ke bin maniyyaci ɗaya.

Ga hukumominmu kuma roƙona ɗaya ne: idan aiki ya tashi, a zaunar da waɗannan yara a teburin zane tun daga farko.