Ɗinke Sakin Layi a Insha'in Turanci: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai na Batsari da Safana, ina yi muku barka da zuwa.

Zan fara da tonon asirin kaina, tunda waɗanda muka zauna aji ɗaya sun riga sun sani. A 1991 na ci kiredit shida, amma Turanci ya ba ni P7. Shekara guda na yi a gida ina noman rogo, abokaina suna jami'a. Sai da na zama malamin Turanci, na kuma shiga aikin duba takardun jarrabawa, sannan na gane ramin da na faɗa.

A jarrabawar WAEC ana son insha'i mai kalmomi kamar 450, makinsa 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na nahawu da ƙa'idojin rubutu. Wannan goma ta ƙarshe tana da wuyar samu, domin kowane kuskure rabin maki yake ci. Amma goman tsari a ƙasa take, ɗauka kawai take jira, kuma ita yaranmu suke tsallakewa.

Abin da nake gani shi ne, yaro ya jera sakin layi biyar kamar tubalin da ba a sa wa laka ba. An koya masa "Moreover" da "However", sai ya riƙa liƙa su a goshin kowane sakin layi kamar kan sarki. Na taɓa duba takardar da aka sa "However", alhali maganar da ta biyo baya goyon bayan ta farko take yi. Tufka da warwara ke nan.

Ga misali daga gida. A ce an tambayi yaro dalilin tsadar abinci a yankinsu. Ya rufe sakin layi na farko da cewa manoman da ke bakin dajin Rugu sun bar gonakinsu saboda tsoro. To, kada ya yi tsalle ya ce "Secondly, food is expensive." Ya ɗauko zaren daga inda ya ajiye shi: "These abandoned farms once fed our markets." Da ya maimaita gonakin nan, ya ɗinke biyun, ba tare da ya ari wata babbar kalma ba. Na uku kuma ya kamo kasuwa ya wuce zuwa farashi.

Abin haushi, yaran nan sun iya wannan da Hausa. Ku saurari yarinya tana tatsuniya, ba ta cewa "ashe" sai in an yi ba-zata, ba ta cewa "shi ke nan" sai an rufe wani babi. Turancin ne ke firgita su har su manta.

Gwajin da nake yi a aji ba ya cin ko kwabo, sai almakashi. Yaro ya yi rubutunsa, a yanka shi sakin layi sakin layi, a cakuɗa, a miƙa wa na kusa da shi. In ya kasa mayar da su yadda suke, to babu ɗinki.

Ƙannenmu sun sha rufe makarantu, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma mai duba takarda bai san wannan uzuri ba. Don haka ina roƙon ƙungiya ta ware Asabar biyu a kowane zango, mu da muke koyarwa mu zo mu zauna da 'yan aji shida. Ni na ɗauki ta farko. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa ga mai son sa sunansa.