Daga Jos Zuwa Mosko: Farkon Tafiyar Ahmed Musa

 Yau filin ƙwallo za mu shiga. Kowa ya san Ahmed Musa na ƙwallaye biyu a ragar Ajantina a 2014, da wasu biyun a ragar Iceland a 2018. Wanda za mu bi sawunsa yau shi ne yaron da ya riga wancan, siririn matashi da ya bar Jos ya shigo Kano bai ko kai shekara 18 ba.

An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Duk wanda ya san Jos ya san garin ƙwallo ne tun zamanin ƙungiyar Mighty Jets, kuma daga can John Obi Mikel ya taso. Ahmed ya koyi wasa a makarantar ƙwallo ta GBS. Da suka ga ya fara ƙosawa sai suka ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a 2008. Wasa 18 ya buga musu, ya ci ƙwallo 4. In ka duba lissafin kawai, ba wani abin a zo a gani ba ne. To amma yaro ne ɗan shekara 16 a tsakiyar ƙarti masu iyali, waɗanda ƙwallon nan ita ce abincinsu, ba su kuma san wani abu wai shi tausayin ƙaramin yaro ba. A nan ya koyi shan taka ya miƙe ya ci gaba da gudu.

Sai Kano ta kira.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin sai an san irin gidan da ya shiga kafin a gane girman abin da ya yi. An kafa Kano Pillars a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya karon farko a 2008. A 2009 kuwa ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Wato ƙungiya ce da ta cika ta batse, magoya bayanta sun saba da nasara. Wanda ya taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa ya san abin da nake nufi. Tun kafin la'asar an cika maƙil, wasu a zaune wasu a tsaye, masu rake da gyaɗa da ruwan leda suna kutsawa tsakanin sahu, ganguna na tashi, ana ta “Sai Masu Gida!” Jama'ar nan in suka so ɗan wasa, sai su ɗora shi a ka. In ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga kuwa, zai ji sunansa daga kowane lungu. Manyan 'yan wasa da dama ƙafarsu ta yi sanyi a wannan fili.

Shi Ahmed, abin da Allah ya ba shi gudu ne. Za a cilla masa ƙwallo ta gefe, ɗan baya yana gabansa da taku biyu ko uku, kafin ka ƙifta ido ya wuce shi, ya karkato ciki, ya fuskanci gola. A filayenmu da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, ɗan wasan da ke iya kora ta da irin wannan sauri ba tare da ta kuɓuce masa ba, ba ƙaramin abu ba ne. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 ya zura ƙwallo 18, Pillars ta ƙare ta biyu a bayan Enyimba. Kafin nan, adadi mafi yawa da wani ya taɓa ci a kaka ɗaya shi ne 17, na Ishaya Jatau, tun 1990. Shekara ashirin tarihin nan yana zaune ba wanda ya taɓa shi, sai ga ɗan shekara 17 ya ture shi. Nasa bai daɗe ba, domin Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a 2011, amma ina ganin wannan kaka ta Kano ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. A Kano ya saba da nauyin jama'a, a Kano kuma masu neman 'yan wasa suka hango shi.

Ranar 5 ga Satumba, 2010, ya fara buga wa Super Eagles a wasan da Najeriya ta ci Madagaska 2 da nema. Ya shigo ne ya canji Mikel, ɗan garinsu.

A wannan shekarar ce VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta saye shi. Sai dai dokar FIFA ta hana a tsallaka da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, don haka sai da ya jira Oktoba. A ƙarshen watan ya buga wasansa na farko, da Groningen. Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, filin ƙungiyar, De Koel, mutum kamar 8,000 yake ɗauka. Ku kwatanta da cikar Ƙofar Mata. Ga sanyin hunturu da ya fi na Jos nesa ba kusa ba, ga baƙon harshe, ga ƙungiya da kullum tana ƙasan teburi tana fafutukar kada ta faɗi.

Masu sauraro, ni dai a ganina zuwa Venlo alheri ne babba a gare shi. Yaran Afirka nawa aka kai manyan ƙungiyoyi suka ruɓe a benci, shekara ta zo ta wuce ba su buga wasa goma ba? Shi kuwa ƙaramar ƙungiya ya samu wadda take buƙatarsa kowane mako. Ranar 1 ga Mayu, 2011, ya ci biyu suka doke Feyenoord 3 da 2. VVV ta ƙare ta 17, aka je wasannin tsira, ta fitar da Zwolle ta zauna a babbar gasa. Da sabuwar kaka ta kama, sai ya sake zura biyu a ragar Ajax, zakarun ƙasar a lokacin, aka tashi 2 da 2. A tsakanin nan ya je Kolombiya gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ya ci uku. Duka-duka ƙwallo 8 ya ci wa Venlo a wasa 37 na gasar ƙasar, amma rabinsu a ragar manyan ƙungiyoyin Holan biyu suka faɗa, kuma irin waɗannan ake tunawa.

Akwai wata hanya da aka riga aka share. Keisuke Honda ɗan Japan daga Venlo ya tafi CSKA Mosko a farkon 2010. A Janairun 2012 Ahmed ya bi sawunsa, yana ɗan shekara 19. Koci Leonid Slutsky bai ɓata lokaci ba: a watan Fabrairu, cikin tsananin sanyin Mosko, ya sa shi a wasan gasar zakarun Turai da Real Madrid ta Cristiano Ronaldo a filin Luzhniki, aka tashi 1 da 1. Ƙasa da shekara biyu ke nan da barinsa Ƙofar Mata.

Da CSKA ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, kafin Leicester ta Ingila ta saye shi. Wannan kuma labarin wata rana ne. A 2021 ya dawo ya sake sa rigar Pillars, bayan shekara 11 da tafiya.

A nan za mu dakata.