Jarumi Mai Aibi: Daga Gizo Zuwa Manga



Yaron da ya tashi a ƙasar Batsari ko Safana, a bakin tsohuwa ya fara sanin adabi, da dare, dajin Rugu yana can baƙi ƙirin a bayan gari. In aka tambaye shi wa ya fi so a tatsuniya, ba zai ce Ƙoƙi ba, duk da hankalinta. Gizo zai ce, wato makwaɗaicin nan, maƙaryaci, mai tsamin baki.

Abubakar Imam ya gane wannan sarai sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933, yana malami a Makarantar Midil ta Katsina. Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya fita ne da kyakkyawar niyya, wato neman maganin ɗan sarki da wanke Liman daga kunyar da ya sha a fada. Amma a hanya babu irin zambar da bai yi ba. Ya yi da'awar malanta, ya jefa Malam Zurƙe cikin wahala, shi ma Zurƙe ya rama. Mai karatu yana tir, amma ba ya iya ajiye littafin.

Haka abin yake a Japan, cikin littattafan labari na zane da suke kira manga. A 1989 Kentaro Miura ya soma Berserk, labarin aljannu da zub da jini, bai kuwa gama shi ba har ya rasu a 2021. Jaruminsa, Guts, an haife shi ne daga gawar uwarsa. Amininsa Griffith ya ci amanarsa, ya sadaukar da rundunarsu ga aljannu, Guts ya rasa ido ɗaya da hannu ɗaya. Daga nan ya zama mai baƙar zuciya, mai wulaƙanta raunana, alhali kuwa tsoron sake rasa wani ne ke cinsa. Ba littafin yara ba ne, amma wannan raunin shi ya jawo masa masoya, ba girman takobinsa ba.

To, masu rubuta wa makarantu littattafai sun fi son yaron kirki wanda bai taɓa kuskure ba. Su tuna cewa a 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Batsari da Safana. Ɗalibin da ya kwana a daji don gudun harsashi ya san tsoro, ya san ƙullata, watakila ya gudu ya bar ƙanensa a baya. In aka miƙa masa jarumin da bai taɓa razana ba, zai duba bangon littafin, ya mayar wa malam.