Ajiye Keke Kafin Wa'adi: Jawabi Ga Masu Adaidaita Sahu A Darmanawa

Wannan jawabi ne da wani lauya ya yi wa matuƙa adaidaita sahu a unguwar Darmanawa, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. An zo sauraro har daga Gyadi-Gyadi.

Bayan sallama, lauyan ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya ce tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, samari da yawa sun koma keke. Akasarinsu ba su da kuɗin saye. Mai kuɗi ne yake saya, ya ba yaro, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har keken ya zama nasa. To, idan mutum ya so fita kafin wa'adi fa? Ya ce hanya biyu ce.

Hanya Ta Farko: Mayar Da Keke

Lauyan ya ce akwai dokar irin wannan ciniki ta 1965. Ta ba mai biya ikon fasawa kafin biyan ƙarshe. Amma sai ya sanar da mai keke a rubuce. Faɗa da baki ba ya wadatarwa.

Fasawa ba kyauta ba ce. Dole ya biya duk abin da ya makara. Kuma idan abin da ya biya bai kai rabin kuɗin ba, sai ya cika rabin, sai dai in takardarsu ta yanka ƙasa da haka.

Ya kawo misali. A ce an yi ciniki a kan naira miliyan 5. Rabi shi ne miliyan 2 da dubu 500. Mutum ya biya miliyan 2, ya gaji. In ya mayar da keke, da sauran dubu 500 a kansa. In kuma ya lalata keken da sakaci, sai ya biya diyya.

Ya ƙara da cewa wanda ya biya kashi 3 cikin 5, watau miliyan 3 a wannan misali, ba a ƙwace masa keke sai ta kotu. Amma in ya tsallake biya sau 3, mai keke yana iya ɗauka ya ajiye har a yi shari'a.

Hanya Ta Biyu: Biyan Sauran Gaba Ɗaya

Wani yakan sayar da amfanin gona ko ya kwashi adashe, ya so ya sauke nauyi. Lauyan ya ce wannan abu ne mai kyau, amma a yi tambaya tukuna. Ba kowane mai keke ne yake yin ragi ba. Wasu bankuna ma sukan caji kuɗi don an biya da wuri. Abin da aka rubuta a takarda shi ne alƙali.

Wanda bashinsa na banki ne, in ya ga caji bai gane ba, ya fara kai kuka bankin a rubuce. In ba a share masa hawaye ba, ya kai Babban Bankin Nijeriya, sashen kare masu hulɗa da bankuna.

Gargaɗi Huɗu

1. Kada a dangwala hannu sai an karanta takarda, ko wani amintacce ya karanta.
2. A tambayi abin da za a biya in an fasa, tun ranar ɗaukar keke.
3. A karɓi rasit a kowane biya, a adana.
4. Ranar gamawa a karɓi takardun keke, da shaidar cewa an sallami wanda ya tsaya wa mutum.

Ya ce mai tsayawa sau da yawa uba ne ko yaya. Wanda ya yar da keke ya gudu, su ya bar wa wuta. Daga nan aka yi addu'a, aka watse.