Me Ya Sa Mai Ƙuna Ke Rasuwa Bayan An Ce Ya Fara Samun Sauƙi?

Yau hirarmu tana da ɗan nauyi, don haka ku gyara zama.

Bara da hunturu, ƙanin abokina, yaro ɗan shekara 17, yana zuba fetur a janareta bai bari ta huce ba, wuta ta tashi. Ƙirjinsa, hannayensa biyu da cinyarsa duk suka ƙone. A gida aka shafa masa makilin da ɗanyen ƙwai, sai washegari aka kai shi asibiti. Ranar ta biyar na je dubiya, na tarar yana shan shayi, har yana yi mini tsiya kan ƙwallo. Muka ce alhamdu lillahi, an tsallake. Ranar ta tara zazzaɓi ya rufe shi, idanunsa suka yi ɗorawa, ya daina gane mutane. Ranar ta goma sha biyu muka kai shi makwancinsa.

Wajen zaman makoki mahaifiyarsa ta ce da ni, “Ɗana, kai da ka yi boko, likita ya ce hantarsa ce ta gaza. Ai wutar ba ta shiga cikinsa ba, ina ruwan hanta da ƙuna?” Na ce, “Umma, zan bincika.” Na zauna da likitoci, na yi karatu, yau ga amsar.

Mu fara da ita hantar. Nauyinta a jikin babba ya kai kusan kilo 1.5. Ita ke adana sukari ta sake shi idan an buƙata, ita ke sarrafa kitse, ita ke ƙera furotin ɗin da ake kira albumin wanda ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini, ita ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Sannan ita ce mai gadin ƙofa. Jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta cikinta kafin ya wuce zuciya. A kan wannan hanya akwai wasu dakarun garkuwar jiki, ƙwayoyin Kupffer, masu sunan wani Bajamushe da ya bayyana su a 1876. Aikinsu su cafke ƙwayoyin cutar da suka sulalo daga hanji su haɗiye.

To idan ƙuna ta ci kamar kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na fata, ko sama da haka, jiki gaba ɗaya ke rikicewa. Ga ma'auni mai sauƙi: tafin hannun wanda ya ƙone, haɗe da yatsunsa, kusan kashi 1 ne na fatarsa.

Kwana ɗaya zuwa biyun farko ruwa ke tsiyayewa daga jijiyoyi, jinin da ke isa hanta da hanji ya ragu. Shi ya sa ake ta ƙarin ruwa. Bayan nan sai jiki ya koma kamar injin da aka danne wa totur aka ƙi saki. Sinadaran tashin hankali, adiranalin da kotisol, su yi sama. Ƙarfin da jiki ke ƙonawa, ko mutum na kwance, yana iya kusan ninkawa a babbar ƙuna. Tsoka ta fara narkewa. Kitsen jiki ya narke ya kwarara zuwa hanta fiye da abin da za ta iya sarrafawa, ya taru a cikinta, ta kumbura. Insulin ya daina jin magana, sukari ya hau ko da mutum bai taɓa ciwon suga ba. Hantar kuma ta karkata ga ƙera furotin na yaƙi da kumburi, ta rage albumin. Binciken da aka yi kan yaran da suka ƙone a Galveston, jihar Texas ta Amurka, ya nuna wannan rikicewar na iya kai shekara uku ba ta gama lafawa ba.

Kun ga tun kafin wata cuta ta shigo, hanta ta riga ta jigata. Wannan shi ne bugu na farko.

Bugu na biyu shi ne sefsis. Fata ita ce katangar gida, ƙuna ta rushe ta. Bangon hanji ma ya yi rauni saboda ƙarancin jini. Ƙwayoyin cuta na iya shigowa ta miki, ta huhu, ta robar fitsari ko ta hanji. Sefsis shi ne lokacin da martanin jiki ga cutar ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata gaɓoɓin jikin da kansa. Ƙwayoyin Kupffer da ƙuna ta riga ta harzuƙa sai su zubo sinadaran kumburi babu ƙaƙƙautawa, su ji wa hantar da suke gadi rauni. Daga baya garkuwar jikin ta gaji, ta kasa kashe cutar. Ruwan matsarmama ya daina gudana yadda ya kamata, shi ne idanu ke yin ɗorawa kamar mai shawara. Sinadaran daskarar da jini su ragu, wurin allura ya yi ta zuba. Idan abin ya yi nisa, sukarin da ya hau a baya yana iya faɗuwa warwas. Abin da ya faru da yaron nan ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kusan mutum 180,000 a shekara, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mu ma mun gani. Ku tuna tankar man da ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025. Kwanaki bayan wutar ta mutu, adadin mamatan ya ci gaba da ƙaruwa daga gadajen asibiti.

To mene ne a hannunmu?

Na ɗaya, ruwa. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, yana kwarara, tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da makilin, ɗanyen ƙwai, baƙin mai, toka ko gishiri. Wallahi duk wanda ya shafa waɗannan, ƙwayoyin cuta ya buɗe wa ƙofa. Kar a fasa bororo.

Na biyu, asibiti a ranar. Musamman idan ƙunar ta fi tafin hannu girma, ko ta taɓa fuska, hannu, al'aura ko gaɓa, ko yaro ne ko tsoho. A tambayi allurar tetanus.

Na uku, abinci. Ƙwan nan da ake ɓarnatarwa a kan miki, a dafa a ba shi ya ci. Wake, kifi, nama, madara, alale, gwargwadon yadda likita ya amince. Cin abinci da wuri yana ƙarfafa bangon hanji, ya rage wa hanta nauyi. Kar kuma a ɗura masa jiƙo, ko a riƙa ƙara masa farasitamol a ɓoye. Duk ta hanta za su bi.

Na huɗu, mai jinya ya buɗe ido. Mai babbar ƙuna dama jikinsa kan yi ɗumi, zuciyarsa na gudu, don haka sauyi ake lura da shi: zazzaɓi ya ƙaru ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, sambatu, raguwar fitsari, kumburin ciki, ƙin abinci, miki ya yi kore ko baƙi ko ya fara wari. Ka ga ɗaya, kira nas a take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Masu dubiya kuma a rage cunkoso, a wanke hannu da sabulu.

Na biyar, kar a sa hannu a ɗauke mara lafiya don ya yi dariya ranar ta biyar. Na san kuɗin jinya ke kora mutane gida. Nan ne aikinmu matasa: gidauniyar unguwa, ba da jini, karɓa-karɓar kwana a asibiti.

Na koma na yi wa Umma wannan bayanin. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Rai na Allah ne, amma ka je ka gaya wa mutane.” To ga shi na gaya muku, ku ma ku isar wa na gida.

Allah ya jiƙansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.