JAWABIN BABBAN MAI MAGANA A BIKIN CIKA SHEKARA HAMSIN: MU KOYA WA 'YA'YANMU GOGE DOMIN YABON ALLAH



Cikin Littafin Firistoci sura 25, an umarci Isra'ila su busa ƙaho a shekara ta hamsin, kowa ya koma ga gādonsa. A kan wani gādo namu nake so in yi magana yau.

Ina yaro lokacin da iyayenmu suka fara taruwa a nan Janbako, zamanin aikin madatsar ruwa ta Bakolori wadda aka gama a 1978. Ba mu da lantarki, ba mu da lasifika. Littafin Waƙoƙi muke da shi, da ganga, da wani tsoho mai goge wanda ya karɓi Ubangiji. Da ya fara kawo gogensa sujada, dattawa sun rabu biyu. Waɗansu suka ce goge na bori ne da gidan giya. Tsohon ya amsa musu da cewa shi ma daga can aka tsamo shi, in Yesu ya wanke mai goge, gogen ba zai gagare shi ba.

Bayan na shiga makarantar Littafi Mai Tsarki na gane yana da gaskiya. Dawuda ya yi wa Saul kiɗa har ya sami sauƙi (1 Sama'ila 16). Zabura 33 tana son a yi kiɗa da gwaninta. Cikin 1 Tarihi 25 an lissafta mawaƙa 288 da aka horar, malami da almajiri tare. Ashe tun dā kiɗan Haikali abin koyarwa ne.

Tsohon nan ya rasu. Cikin mu huɗu da ya koya wa, ni kaɗai na rage, hannuna kuwa ya fara rawa. Ƙasar Maradun ce ta haifi Hassan Wayam mai kukuma, amma yau yaranmu ba su san bambancin kukuma da goge ba. Ranar da man janareto ya ƙare, sai kwaya ta yi tsit.

Ga yadda aka koya mana.

Na farko, yaro ya san kayansa: ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, da ɗan jakin da ke ɗauke da ita, da izgar gogawa. Kafin a fara, a shafa ƙaro, in ba haka ba izga za ta zame babu sauti. Da damina fata takan saki, sai a ɗan shanya a rana.

Na biyu, hannun dama. Wata guda muka yi muna jan izga kawai, gaba da baya, da tsawo ɗaya da nauyi ɗaya. Wanda ya danne sai ƙara mai ɓata kunne, wanda ya sassauta sai iska. Wuyan hannu ya zama a sake.

Na uku, hannun hagu. Ba a matse tsirkiya har ta taɓa sanda. Yatsu suna taɓa ta ne kawai. Goge ba shi da alamar wurin yatsa, kunne ne jagora. Saboda haka yaro ya rera waƙar da bakinsa tukuna, sa'an nan ya neme ta da yatsa.

Na huɗu, kiɗa tare. A jera yara biyar ko shida, izgarsu ta tafi tare ta dawo tare. A nan yaro yake koyon sauraron ɗan'uwansa.

Roƙona ga majalisar dattawa shi ne a buɗe aji kowace Asabar da yamma domin yaran makarantar Lahadi, maza da mata. Zumuntar Mata ta taimaka da goge biyar. Ni zan koyar kyauta muddin ina da ƙarfi. Na san rashin tsaro ya raba da yawa cikinmu da gidajensu. Goge kuwa ba shi da nauyi, duk inda yaro ya je zai tafi da yabonsa.

Iyaye, ku ba ni 'ya'yanku tun ina iya riƙe izga.

Ubangiji ya albarkace ku, ya kai mu bikin shekara saba'in da biyar cikin salama. Amin.